Manhajar da mai ita ya tafi ya bari: in ɗauka ko in ƙyale?

Wasiƙu sun taru a wannan watan, galibinsu kan wayar da ta cika da hotuna da laftof mai zafi kamar kaskon suya. Waɗannan za su ɗan jira. Na zaɓi wata doguwa daga Gombe, don an daɗe ban samu irinta ba, sai kuma wata gajeruwa daga nan Bauchi da ta zo daidai da ita kamar an haɗa baki.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya kuma ɗawainiya da mu. Ina da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada, nan Gombe, kuma mafi yawan masu kawo mini aiki ɗalibai ne da malamai. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsofaffin kundaye na Hausa. Mutum zai kawo filash ɗauke da littafin da aka buga masa shekara goma sha biyar da suka wuce, ina buɗewa sai in ga "qasa" a gurbin ƙasa, "xaya" a gurbin ɗaya, "varawo" a gurbin ɓarawo. Wani ma har da baka irin ta lissafi a farkon kalma. Da can da hannu nake bi ɗaya bayan ɗaya.

Bara wani abokina ya nuna mini wata 'yar manhaja a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kyauta, wadda wani bawan Allah ya rubuta da yaren kwamfuta na Python saboda wannan aiki. Ka ba ta fayil ɗin Word, ta gyara haruffan, ta fitar maka da sabon Word ko PDF. Da ƙyar na tayar da ita a wata tsohuwar kwamfuta, kuma tana yi, amma a sabuwar laftof ɗina ko motsi ba ta yi. Rabon mai ita da ya taɓa ta ya kai shekara takwas. Mutane sun ajiye masa ƙorafi sun fi ashirin, bai amsa ko ɗaya ba. Ni kuma na ɗan koyi Python lokacin bautar ƙasa. Zuciyata na raya mini in ɗauki aikin nan in farfaɗo da shi, in ma sake rubuta shi daga farko tunda rubutun nasa duk a hargitse yake, in sa masa sunan shagona. Shin hakan ya halatta? Ta ina zan fara? Kuma don Allah ka faɗa mini gaskiya, ko dai wahalar banza zan yi?

Daga ɗalibinka, Tudun Wada, Gombe.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka uku ce, zan fara da ta ƙarshe tunda gaskiya ka nema. Ba wahalar banza ba ce, amma wahala ce, kuma ba irin wadda kake hange ba. Kai kana hangen dare uku ko huɗu kana rubutu, shayi a gefe, ka wayi gari da sabuwar manhaja. Abin da ke jiranka shi ne shekaru na amsa wa mutanen da ba ka taɓa gani ba, waɗanda za su turo maka fayil ɗin da ya ƙi gyaruwa ko sallama babu. Ina zaton wannan ne ya sa mai ita na farko ya yi shiru, ba lalaci ba. Idan ka ji za ka iya ɗaukar wannan, to bismillah, sauran duk mai sauƙi ne.

Bari in ɗan yi wa sauran masu karatu bayanin ciwon kafin maganin. Lokacin da kwamfuta ta shigo mana, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinta. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauki zubin haruffa, wato font, a goge hoton wasu haruffan da Hausa ba ta amfani da su, irin su q da x da v, a zana masu lanƙwasa a gurbinsu. Wasu kuma a kan maɓallan baka suka ɗora su, shi ya sa kake ganin "}asa" da "]aya". Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka yi wannan hidima tun shekarun 1990, kuma wallahi ba ƙaramin taimako aka yi mana ba. Da irin waɗannan haruffa na buga kundaye bila adadin a wani ɗan shago kusa da Wunti, muna lallaɓa janareta. Sai dai a ido ne kawai harafin yake ƙ, a cikin fayil ɗin yana nan q ɗinsa. Ranar da takardar ta je kwamfutar da babu wancan zubin, sai asiri ya tonu. Yau tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ƙ tana da U+0199, ɗ tana da U+0257, ɓ tana da U+0253, ko'ina ka kai su suna nan yadda suke. Aikin manhajar da kake magana shi ne ta kwashe rubutu daga tsohon gida zuwa sabo.

To, ya halatta? Amsar ba a wajena take ba, tana cikin wani ɗan fayil a aikin nasa mai suna LICENSE. Je ka buɗe shi kafin ka ƙara karanta layi ɗaya na amsata. Idan ka ga MIT ko BSD ko Apache, ka samu sarari: ka gyara, ka raba, ka sayar ma in ka so, da sharaɗin ka bar sunansa da takardar lasisin a ciki. Idan GPL ne, duk wannan ya halatta, amma duk wanda ka ba manhajar sai ka ba shi damar samun rubutunta, kuma a kan wannan lasisin dai. Idan kuwa ka duba babu lasisi ko kaɗan, abin da ke yawan faruwa da ƙananan ayyuka irin wannan, to ka tsaya cak. Mutanenmu na ɗauka duk abin da aka ajiye a fili a intanet na kowa ne. Ba haka ba ne. In babu lasisi, haƙƙin mallaka gaba ɗaya yana hannun mai shi. Ƙa'idar GitHub ta ba ka damar ka gani, ka kuma yi kwafinsa a cikin GitHub ɗin, amma ba ta ba ka izinin ka gyara ka riƙa rabawa ba.

A ƙauyenmu idan gona ta shekara biyar ba a noma ta ba, ta zama saura, ciyawa ta kai ƙugu, ba wanda zai wayi gari ya shiga da garma don ya ga mai ita ya tafi Legas. Sai an nemi mai ita, ko 'yan'uwansa, ko mai unguwa. Haka za ka yi. Ka nemi adireshin imel ɗinsa, galibi yana maƙale a tarihin gyare-gyaren da Git, manhajar da ke lissafin duk canjin da aka yi wa aikin, ke ajiyewa, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa. Ka fara da godiya, ka gaya masa kundi nawa aikinsa ya ceto a shagonka, don mai yiwuwa a shekara takwas ɗin nan ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Sannan ka ce kana son ka taimaka ta yi aiki a Python na yanzu. Kada ka fara da "ba ni makullin", wato ikon canja aikin da kanka. Ka tura gyara guda ɗaya ƙarami tukuna, mai tsabta, wanda zai iya karantawa cikin minti biyar. In babu lasisi, ka roƙe shi ya sa, layi ɗaya ne a wajensa. Ka ba shi wata guda, ka sake tuntuɓa, ka ƙara masa wani. Mutum na iya yin jinya, ko ya canja aiki, ko ma ya riga mu gidan gaskiya.

Idan ya amsa amma ya yi ta jan ƙafa wajen ba ka ikon shiga, kada ka ji haushi. Masu wannan harka sun ga abin da ya ishe su. Akwai wata manhajar matse fayil mai suna xz da kusan kowace na'ura mai Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana riƙe da ita, ya gaji. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana a 2021, yana kawo gyara mai kyau, yana haƙuri, har aka amince masa aka ba shi hannu. A farkon 2024 ya cusa wata ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda da ta bazu, da an iya kutsawa cikin manyan na'urori a faɗin duniya. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya gano a ƙarshen Maris na shekarar, saboda ya lura shigarsa wata na'ura ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin abin ya wuce. Tun daga nan duk baƙon da ya zo da fara'a yana neman makulli, kallon tsanaki ake masa. Kai ka san zuciyarka, shi bai santa ba.

In shiru ya yi yawa, kuma lasisi ya ba ka dama, sai ka cire reshe, wato ka kwafi aikin da duk tarihinsa zuwa wajenka ka ci gaba daga nan. Ba abin kunya ba ne, haka aka saba. LibreOffice da kake buɗe takardu da ita reshe ce da aka cire daga OpenOffice a 2010, bayan Oracle ta sayi kamfanin Sun. Amma misalin da ya fi kama da naka shi ne na wata manhajar sarrafa PDF a Python. Mathieu Fenniak ya fara ta a 2005 da sunan pyPdf, daga baya ya bari. Aka cire mata reshe mai suna PyPDF2, shi ma ya yi tafiya ya kwanta, daga wajen 2016 kusan ba motsi, alhali dubban mutane na dogaro da shi. A Afrilun 2022 wani mai suna Martin Thoma ya karɓi riƙo, da yardar waɗanda ke da makullin. Ya bi tarin ƙorafe-ƙorafe da gyare-gyaren da mutane suka turo aka bar su suna jira, ya ƙara gwaje-gwaje, ya rubuta bayanin amfani. Kafin shekarar ta ƙare aikin ya koma sunansa na asali, pypdf. Ka lura, bai zo ya rushe ya sa sunansa ba.

Wannan ya kawo ni kan sunan shagonka. Ka cire shi daga ranka. In mai ita ya ba ka riƙo, sunanta na nan yadda yake. In reshe ka cire, ka ba shi suna na dabam don kada mutane su rikice, amma sunan ya nuna aikin, kuma layin farko na bayaninka ya faɗi daga ina ka samo, wane ne ya fara. Mai shago a Azare ko Kaltungo ba zai so ya ɗora aikinsa kan manhajar da ke ɗauke da tallan wani shago ba. Ka sa sunanka a jerin masu kula, ya ishe ka, kuma shi ne zai yi maka amfani ranar da za ka nemi aiki.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Ka ce rubutun a hargitse yake, za ka sake daga farko. Kul. Na taɓa yi, na ɗanɗana. Shekarun baya na gaji wata 'yar manhajar fitar da sakamakon jarrabawa a wata makaranta mai zaman kanta, wanda ya rubuta ta ya samu aiki a wani gari ya tafi. Na duba na ga wasu layuka kamar talatin marasa kan gado, ba bayani, ba dalili, na ce wannan ai shirme ne. Na kwashe dogon hutu ina sake ginawa, na fito da abu tsaf kamar ɗakin amarya. Ranar raba sakamako, duk yaron da sunansa ke da 'yar alamar nan ta ɗauri a tsakiya, su Sa'adatu, su Mu'azu, su Isma'il, takardarsa ta ƙi fita. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na makarantar ke nan. Iyaye na tsaye a bakin ofis, ni ina gumi. Layukan nan talatin da na raina, aikinsu ke nan. Shi ma ya taɓa yin irin gumina, ya toshe ramin, bai dai rubuta dalili ba. Duk wani lanƙwaso da ka gani a tsohuwar manhaja, ka ɗauka akwai fayil ɗin da ya taɓa ba mai ita kunya, har sai ka tabbatar da akasin haka.

Don haka aikinka na farko ba rubutu ba ne, tara takardu ne. Kai kuwa a nan ka fi mai ita sa'a, don kullum kawo maka su ake yi har shago. Ka ware kamar guda talatin masu hali dabam-dabam: kundin digiri mai manazarta, littafin waƙoƙi, takarda mai jadawali, wadda aka gauraya Hausa da Turanci da Larabci, wadda aka buga da q da x, da wadda aka buga da baka. Ka bi da su ta tsohuwar kwamfutar nan da manhajar ke aiki a kanta, ka adana abin da ta fitar, ka duba da idonka ka gyara inda ta yi kuskure. Wannan shi ne ma'auninka. Duk canjin da ka yi nan gaba, ka sake bi da su, in wani abu ya sauya ka san hannunka ne. Kuma kada ka taɓa tsohuwar kwamfutar nan, kada ka sabunta mata komai, ita ce shaidarka. Abu ɗaya: takardun nan amanar mutane ce. Kada ka ɗora kundin wani a intanet da sunan gwaji. Ka nemi izini, ko ka ciri shafi ɗaya ka canja sunaye, ko ka buga naka da ke kwaikwayon matsalar.

Dalilin da ya sa ta ƙi tashi a sabuwar laftof, ko ban gani ba zan iya cewa da Python 2 aka rubuta ta, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Babban bambancinsa da Python 3 kuwa a kan rubutu yake, wato daidai inda manhajarka ke zaune. A tsohon, rubutu tarin bayit ne, kuma ƙ bayit biyu take ci a tsarin adana rubutu na UTF-8, shi ya sa za ka ga mai ita ya cika ko'ina da juya rubutu gaba da baya. A sabon, harafi harafi ne. Yawancin wannan juye-juyen zai fita, amma ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa. Fitowarka ta farko kada ta ƙara komai sabo. Ta yi abin da tsohuwar ke yi, a kwamfutar yau, shi ke nan. Wannan kaɗai zai share fiye da rabin ƙorafin da ka gani, in ka duba za ka tarar yawancinsu "ta ƙi tashi" suke cewa da baki dabam-dabam.

Bayan nan sai ainihin aikin, kuma a nan daɗin yake. Ka ɗauki kowane fayil mai ƙarewa da docx, ka canja ƙarshen sunan zuwa zip, ka buɗe. Za ka ga ashe jaka ce mai fayiloli da yawa na XML. Gangar jikin rubutun na cikin document.xml, bayanan ƙasan shafi na cikin footnotes.xml, rubutun saman shafi da na ƙasa su ma kowanne da nasa. Manhajar da ta gyara na farko kawai za ta bar maka "qasa" a bayanan ƙasa, kuma malamin da ke duba kundi can idonsa ke fara zuwa. A ciki kuma Word yana yanka rubutu gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da bayanin zubin harafinta, kuma yakan raba kalma ɗaya gida biyu ko uku ba gaira ba dalili, don kawai an taɓa tsayawa an gyara wani harafi a tsakiya. Wani lokaci kuma ba a jikin gunduwar aka rubuta zubin ba, gadonsa ta yi daga salon sakin layi ko na takardar gaba ɗaya. Sai ka bi wannan silsila kafin ka san wace q ce ƙ, wace ce q ta gaskiya.

Wani zai ce, ai Word na da wurin nemo harafi a musanya shi, har ma za ka iya ce masa ya nemi mai zubi kaza kawai. Gaskiya ne, kuma in takarda ɗaya ce gajera, musanya shida sun gama, manya uku ƙanana uku. Amma ka taɓa ganin "Uniɓersity" ko "Oɗford" a manazartar wani kundi? Ko shafi na "iɓ", ko "Babi na Ɓ"? Na ga wanda aka ɗaure, aka yi masa bango mai ruwan zinare, da wannan a ciki. Abin da ya faru shi ne mai bugawa bai canja zubi ba da ya zo kan Turanci da lambobin Romawa, mai gyara kuma ya yi wa kowa kuɗin goro. A nan duba zubi ma ba zai cece ka ba, don duk zubi ɗaya ne. Sai manhajar ta yi ɗan hankali: ta gane lambar Romawa, ta riƙe jerin kalmomin Turanci da ke yawan zuwa, inda kuma ta yi shakka kada ta yanke hukunci, ta shafa wa kalmar launi ta bar wa mutum. In da ni ne kai, wannan shafa launin shi ne sabon abu na farko da zan ƙara. Ka kuma kula da alamar da ke gaban 'ya da 'yan, wadda Word ke son juyawa ta koma alamar buɗe zance. Kada kuma ka mayar da 'y zuwa ƴ da kanka. Mu a Najeriya 'y muke rubutawa, a Nijar ne aka fi amfani da ƴ, sai ka bar wa mai takarda zaɓi.

Sashen fitar da PDF kuwa, shawarata ka sauke wa kanka shi. Na tabbata wani tsohon kayan aro ya jingina da shi, wanda shi ma mai yiwuwa ya kwanta. LibreOffice na iya juya Word zuwa PDF ba tare da an buɗe tagarta ba, ita ce kuma za ta juya maka tsohon doc na kafin Office 2007 zuwa docx. In ana son shafin intanet ko littafin waya, ga Pandoc, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fara a 2006 kuma har yau ana kula da ita. Sai dai ka gyara haruffa tukuna kafin ka miƙa mata, don Pandoc ba ta riƙe bayanin zubin harafi, in ta wuce da shi ka rasa shaidarka. Sannan ka sa wa sabuwar takardar zubin da ke da haruffanmu, irin su Charis SIL ko Andika ko Noto, dukkansu kyauta, in ba haka ba ka ga 'yan akwatuna a gurbin ƙ. Kai dai ka riƙe abu ɗaya da ba wanda zai yi mana shi daga Jamus ko Amurka, wato sanin cewa "qaqa" ƙaƙa ce.

Mutum ashirin ɗin nan da suka bar ƙorafi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sanar da su an tashi, ko da shekara biyar ke nan da rubutawarsu. Biyu ko uku za su dawo, a cikinsu za ka samu abokin aiki. Ka nemi na biyunka tun yanzu, ko ɗalibi ne daga jami'ar jihar Gombe ko ta Kashere, ka koya masa, ka ba shi makulli idan ka gamsu da shi. Ka rubuta bayanin amfani da Hausa, da hotuna, don masu shago irinka ne za su karanta, kuma yawancinsu ba za su buɗe baƙar tagar umarni ba sai dole. Ranar da kuma ka gaji, don za ka gaji, aure zai zo, shago zai girma, ka hau saman shafin ka rubuta layi biyu: na daina kula da wannan, mai so ya tuntuɓe ni a nan. Da wanda ya gabace ka ya yi haka, da ba ka kashe kuɗin data kana rubuto mini ba.

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam. Ni mai buga wa ɗalibai kundi ce a Gwallameji. Wani ya ce mini haramun ne in karɓi kuɗi idan da manhajar kyauta na yi aikin, wai cin haƙƙin masu ita ne. Da LibreOffice nake aiki tun da lasisin manhajar da nake amfani da ita a da ya ƙare. Hankalina bai kwanta ba.

Daga 'yar'uwarka, Gwallameji, Bauchi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, ki ci kuɗinki. Fatawa ba fagena ba ne, amma sharaɗin masu manhajar na sani, kuma su da kansu suka rubuta cewa kowa ya yi amfani da ita a kowane irin aiki, har da na neman abinci. Kuɗin da kike karɓa ladan idonki ne da yatsunki da man janareta. Takardar da kika buga kuma ta mai ita ce, lasisin manhajar bai bi ta ba. Wanda ya kamata hankalinsa ya tashi shi ne mai aiki da manhajar kuɗi da aka fasa wa makulli, kuma ki duba kwamfutar mai ba ki fatawar, ba mamaki irinta ce a ciki.

In kina jin nauyin kina amfana ba ki ba da komai ba, ga hanya ta zo har gida. Ɗan'uwanmu na Gombe da ke sama yana bukatar irin takardun da na san suna cike da kwamfutarki. Ki zaɓi uku da suka fi ba ki wahala, musamman masu jadawali da masu Larabci a tsakiya, ki nemi izinin masu su, ki cire sunaye da lambobin ɗalibai, ki aiko ta ofishin mujalla da sunan wannan fili, ni zan tura masa. In ya fitar da gyararriyar, ke za ki fara gwadawa, kuma kada ki ji kunyarsa, duk inda ta yi kuskure ki faɗa masa shafi da layi.